Yadda Ake Gina Fadamar Tace Ruwan Ƙazanta a Garuruwan Shuɗin Nilu

A Mai Wurno da Sinnar na ƙasar Sudan, inda babu magudanar ƙazanta ta hukuma, gidaje da dama sun dogara ga masai ko rijiyar saifon, wadda ke tura ƙazanta cikin ƙasa har ta kusanci ruwan sha. Fadamar da aka gina da hannu, wato rami mai tsakuwa da ciyayi da ke tace ruwan ƙazanta, tana rage wannan haɗari ba tare da wutar lantarki ko sinadarai ba. Wata masaniya Bajamushiya, Käthe Seidel, ce ta fara gwada dabarar a shekarun 1950.

Ana farawa da tankin tace dauɗa mai ɗaki biyu, inda kashi zai kwanta, maiƙo kuma ya taso sama, kafin ruwan ya wuce. Wanda ya tsallake wannan mataki domin rage kuɗi, tsakuwarsa za ta toshe, aikin kuma ya lalace.

Daga nan sai a haƙa rami mai tsawo, zurfinsa kimanin santimita 60, gindinsa ya ɗan gangara da santimita 1 a kowace mita. A ƙasashen Turai ana ware kusan murabba'in mita 5 ga kowane mutum, wato gida mai mutum 10 zai buƙaci 50, ko da yake zafin Sudan yana hanzarta aikin ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar. Wajen shimfiɗar gindin ramin ne magina ke yawan kuskure. Baƙar ƙasar yankin tana riƙe ruwa da damina, har mutum ya ɗauka ba ta buƙatar shimfiɗa, amma da rani takan tsage, ruwan kuma ya zurare ta tsagar. Saboda haka dole ne a shimfiɗa leda mai kauri a gindin ramin da gefunansa.

Bayan haka a zuba tsakuwa wankakkiya, a sa manyan duwatsu a bakin bututun shiga da na fita, sannan a daidaita bututun fitar yadda ruwan zai tsaya santimita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin saman tsakuwar. A ganina wannan shi ne sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka yi katutu, domin ruwan da ya fito fili gidan sauro ne da dodon koɗi.

A dasa kacalla ko wata ciyawar bakin kogi, waɗanda saiwoyinsu ke zama matattarar ƙwayoyin da ke tace ruwan. A riƙa yanke ciyawar sau ɗaya a shekara, a kwashe laka daga tankin idan ta taru, a kuma kewaye wurin saboda awaki.

Ruwan da ya fito ya dace da ban ruwan dalbejiya da sauran itatuwa, amma ba a sha, ba a kuma zuba shi ga jarjir ko tumatir da ake ci ɗanye.