Kiran bidiyo na yankewa? Kurakuran da ake yi da rauta da katangar tsaro

A Katsina, da zarar hoto ya daskare ana tsakiyar kiran bidiyo, abin da za ka fara ji shi ne "yau sabis ba kyau." Wani lokacin haka ne. Amma a shaguna da ofisoshin da ake kira na in duba, galibi matsalar tana cikin ɗakin, a jikin rautar, wato na'urar da ke raba intanet, da aka cusa bayan kabad.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya gwada saurin intanet, ya ga 30 Mbps, ya ce ai lafiya lau. Wannan lambar ta saukewa ce. Shi kuwa kiran bidiyo yana aikawa ne yana karɓa lokaci guda, kuma ba ya cin da yawa: tsakanin mutum biyu, hoto mai 720p a Zoom bai wuce kimanin 1.2 Mbps kowane ɓangare ba. Abin da ke ɓata shi jinkiri ne da zubewar bayanai a hanya. Ka shiga saitin Zoom, wurin Statistics, kana cikin kira. In jinkirin ya haura milisakan 150, ko zubewar ta wuce kashi 2 cikin 100, ƙarin data ba zai yi magani ba.

To me ke kawo jinkirin? Sau da yawa 'yan gida ne. Wayar uwargida na ɗora hotunan biki a Google Photos, ƙaninka na loda bidiyo a TikTok, hanyar aikawa kuma dama ƙarama ce. Sai muryarka ta bi layi a bayansu kamar motoci a shataletalen Ƙofar Ƙaura da yamma. Ka buɗe shafin rautar, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na'urorin Huawei, ka nemi QoS, wato saitin da ke tsara na'urar da za a fara ba hanya, ka fifita kwamfutar da ake kira da ita. In babu QoS, a dakatar da ɗore-ɗoren har a gama taro.

Batun katangar tsaro, wato firewall mai tace abin da ke shiga da fita ta intanet, ya fi shafar ofisoshi da makarantu, don rautar gida ba ta cika hana fita ba. Ka ɗauki katangar kamar ganuwar birni, kowace ƙofa da lambarta. Murya da hoto sun fi son bin hanyar UDP, wadda ba ta tsayawa jiran abin da ya faɗi a hanya. Mai kula da intanet na ofis, don gudun ɓarayin yanar gizo, sai ya rufe duk ƙofofin ya bar 80 da 443 kaɗai. Kiran zai shiga, shi ya sa ba a zargin katangar. Manhajar ce ta koma TCP ta ƙofar 443, inda duk ɗan abin da ya ɓace sai an sake aiko shi, sauran na jira. Nan ne murya ke zuwa bayan baki ya rufe. Gyaran shi ne a buɗe UDP mai fita: 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810 don Zoom, 3478 zuwa 3481 don Microsoft Teams, 3478 da 19302 zuwa 19309 don Google Meet.

Wasu kuma in abin ya ishe su sai su kashe katangar ɗungurungum, ko su saka kwamfutar a DMZ, wato saitin rautar da ke barin ta a buɗe ga duk mai shigowa daga intanet. Na taɓa tarar da haka a wata makaranta, har da kwamfutar da ake ajiye sakamakon jarrabawa. Wannan rushe ganuwa ne don jaki ɗaya ya wuce. A Windows ma haka, ka ba manhajar kiran izini a katangar, kada ka kashe ta.

VPN na kyauta, wato manhajar da ke zagayawa da intanet ɗinka ta wani wuri daban? Kashe shi kafin kira. Kana Daura kana magana da na Kano, muryarka na zagayawa ta Turai. Idan ofis na amfani da wayoyin tebur na intanet kuma ɓangare ɗaya ne ke jin magana, a kashe saitin da ake kira SIP ALG a rautar.

Sai Wi-Fi ɗin kansa. Zangon 2.4 GHz na ratsa bango amma cunkoso ya yi masa yawa, musamman a jerin shaguna da kowa ke da tasa rautar. In dole ne, zaɓi tasha 1, 6 ko 11. Na 5 GHz ya fi tsabta, sai dai bangon bulo biyu sun isa su raunana shi. Ɗora rautar a sama, a fili, nesa da firji da ƙofar ƙarfe. Kada kuma ka manna ta kusa da kwanon rufi. A zafin Afrilu da Mayu tana ɗaukar zafi har ta riƙa sake kunna kanta. Idan kiran na neman aiki ne ko kare digiri, sayi wayar Ethernet mita biyar, ka jona kwamfutar da rautar kai tsaye, ka gwada kiran tun ana gobe za a yi shi.