Yadda firamare da kwaleji za su haɗa hannu a kan 'yan TP

Duk shekara haka abin yake zuwa mana a nan Gombe, ana tsaka da asambali sai ka ga matasa su shida ko takwas sun shigo get, kowa da sabon littafin lesin not a hannu, ɗayansu ya miƙa wa hedimasta takardar fostin daga kwaleji, shikenan wai an kawo 'yan TP, wato ɗaliban kwalejin ilimi da ake turowa makarantu su koyi koyarwa a aikace. Na daɗe ina karɓarsu a matsayin malamin aji, daga baya aka ɗora mini kula da su gaba ɗaya a makarantarmu, kuma wallahi abin yana damuna, domin sau da yawa takardar nan ita ce kaɗai maganar da ke shiga tsakanin kwaleji da firamare har yaran su gama su tafi. To ga yadda nake ganin ya kamata a yi, ga hedimastoci da malaman aji da su kansu lakcarorin da ke fitowa sufabishin.

Mu fara da sanin waye ainihin mai horar da ɗan TP. NCE, wato takardar shaidar malanta da kwalejin ilimi ke bayarwa, shekara 3 ce, ita ce mafi ƙarancin takardar da ake ɗaukar malami da ita a ƙasar nan, kuma hukumar NCCE da aka kafa a 1989 ita ke tsara abin da za a koyar a kwalejojin ilimi, ko kwalejin ilimi ta tarayya (FCE) ta nan Gombe ce ko kwalejin Billiri ko ta Aminu Saleh da ke Azare ko ta Kangere a wajen maƙwabtanmu na Bauchi. Ɗalibi zai yi gwajin koyarwa a gaban abokan karatunsa tukuna, sannan a shekarar ƙarshe a turo shi makaranta ya ga yara na gaske. Lakcara zai zo ya duba shi 'yan lokuta kaɗan, ya zauna firiyod ɗaya ya tafi. Malamin aji kuwa kullum suna tare daga Litinin zuwa Juma'a. Ka ga kenan duk halin koyarwar da yaron nan zai ɗauka, mai kyau ko maras kyau, a wajen malamin aji zai ɗauke shi, saboda haka duk tsarin da za a yi a gina shi a kan wannan malamin.

Abu na farko a zauna kafin a turo kowa. Kodinetan TP na kwaleji ya nemi hedimastoci ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, tunda firamaren gwamnati a ƙarƙashin SUBEB take, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, a yi zama ko na awa biyu ne, a rubuta abin da aka yarda a takarda kowa ya sa hannu ya riƙe kofi. Mutum nawa makaranta za ta iya ɗauka, wane darasi ake da giɓi, wane aji, ranar zuwa da ranar tafiya, lambar wayar wanda za a kira in matsala ta taso. Hedimasta kada ka ji nauyin cewa ba ka iya ɗaukar mutum goma, in malamai huɗu ne kake da su da za su iya riƙe ɗalibi to ka ce huɗu ko takwas, kar ya wuce biyu ga malami ɗaya. A kuma ɗora kalandar kwaleji a kan ta firamare a duba, don in aka kawo su ana saura sati uku jarrabawar ƙarshen zango ba koyarwa za su koya ba, makin takardu da cike ripot kat kawai za su yi.

Sai zaɓen malamin da zai riƙe su, nan ne fa ake yawan ɓata rawa da tsalle. Akwai malamin da in ya ji an ba shi ɗan TP shi hutu ya samu, zai miƙa alli da dasta ya koma gindin dalbejiya ko ya hau mashin ya tafi sabgarsa, irin wannan ko shekararsa 20 yana aiki kar a ba shi kowa. A nemi wanda yake da rajistar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, yake zuwa da wuri, yake rubuta nasa lesin not ɗin, kuma yake da haƙurin gyara mutum ba tare da ya kunyata shi ba. Kwaleji kuma ta kira waɗannan malaman wuni ɗaya a nuna musu fom ɗin da ake ba da maki da shi, a bi shi layi-layi, saboda in malamin aji bai san me lakcara yake nema ba sai ka ga ɗalibi yana lesin iri biyu, ɗaya na kullum ɗaya na ranar da sufabaiza zai zo. A ba su kuɗin mota da takardar shaida, ba wani abu mai yawa ba ne amma yana sa mutum ya ji an san da zamansa.

Sati na farko da na biyu ɗan TP kar ya koyar. Ya zauna a bayan aji da biro yana kallo, yadda ake kiran rajista, yadda ake cike dayari, littafin da ake rubuta darussan kowane mako, daga sikim, wato jerin darussan zango, yadda ake shigo da yara bayan tara a kwantar da hayaniya, wane yaro ne ba ya gani sosai daga baya, wace yarinya ce kullum take makara saboda talla. Bayan haka ya ɗauki minti goma a cikin darasin malami, sannan firiyod guda a rana, a haka a haka har ya riƙe rabin darussan, malamin aji kuma yana zaune a ciki bai fita ba.

Akwai wata ɗaliba da aka kawo mana aka sa ta aji biyu, yara sun haura 80 wasu a benci wasu a tabarma. Ranar farko da ta karɓi lissafi ta rubuta komai tsaf a allo, ta yi bayani da Turanci yadda aka koya mata, ta juyo ta tambaya an gane, yara suka amsa da ƙarfi, da ta ba da aiki kuwa ko mutum goma ba su yi daidai ba, na ga idonta ya ciko. Malamar ajin, dattijuwa ce cikin masu tsohuwar takardar malanta ta Giret Tu da suka ƙaro NCE daga baya, ba ta ce mata uffan a gaban yara ba, sai da aka fita tara ta jawo ta gefe ta ce, "'Yata, gobe ki sa kowa ya zo da murafen lemo goma, ki fara da Hausa su ƙirga da hannunsu, in sun kama sai ki faɗa musu sunan abin da Turanci." Washegari ajin nan ƙarar murafe kawai kake ji a kan benci, biyar da uku nawa, hannaye sama. Kafin ta tafi ita ke nuna wa sauran 'yan TP yadda ake yin katin baƙaƙe da kwalin taliya. Zaman nan na minti goma sha biyar bayan darasi shi ne zuciyar aikin, a mai da shi ƙa'ida kullum, abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da za a gyara gobe, kar a jibga wa yaro kurakurai goma lokaci guda.

Zuwa ga lakcarori, ranku ya daɗe. Ku shigo ajin ku zauna har a kaɗa ƙararrawa. Na taɓa ganin wanda ya tsaya a ofishin hedimasta ya karɓi littattafan ɗalibai ya sa hannu ya ba da maki ya wuce, na san wasu lakcarorin makarantu da yawa aka haɗa musu ga nisa ga kuɗin mai, amma wannan makin bai nuna komai ba. Gara kwaleji ta rage yawan makarantun, ta tara ɗalibai a makarantu na kusa da juna yadda lakcara ɗaya zai iya zagaya su da kyau. Bayan darasi a zauna mutum uku, lakcara da malamin aji da ɗalibi, kuma a ware wani kaso na makin ya fito daga hannun malamin aji. Maganar bulala da yadda ake mu'amala da yara mata ita ma a faɗe ta ƙarara tun ranar farko, haka ɗalibai mata su san wa za su kai wa ƙara in wani ya matsa musu, a makaranta ne ko daga ɓangaren masu duba su.

Kowa yana son a bar shi a cikin gari, Pantami ko Bolari ko Jekadafari, alhali makarantun da suke kukan malamai suna can ƙauyukan Dukku da Nafada da Balanga. In za a tura ɗalibi can to a yi magana da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da mai unguwa tun da wuri a sama masa ɗaki mai aminci, a tura su bibbiyu, kuma a duba harshe, wanda yake jin Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja a kai shi inda yaran aji ɗaya za su fahimce shi.

Ita firamaren ma ta ci moriya, kar ya zama kullum ita ke bayarwa. Kayan koyarwar da ɗalibai suka haɗa a bar wa makarantar, sau ɗaya a zango lakcara mai koyar da dabarun karatu ko lissafi ya zo ya zauna da malamanmu, in da hali shi ma ya karɓi alli ya koyar da aji uku a gabansu ya ji yadda abin yake, su kuma ƙwararrun malaman aji a gayyace su kwaleji su yi wa 'yan shekara ta biyu magana kafin su fito. A satin ƙarshe hedimasta ya rubuta shafi ɗaya, inda ɗaliban bana suka yi ƙarfi da inda suka yi rauni, misali in an ga yawancinsu ba su iya koyar da haɗa baƙi da wasali ba a rubuta haka, a kai wa kodineta hannu da hannu, a kuma tsayar da ranar zaman baɗi tun kafin a rabu.