Tsohuwar motar jeji mai tsatsa: yadda za ka gyara ta ka ɗaga ta da ɗan kuɗinka

Duk wanda ya sayi tsohuwar motar jeji abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya ɗaga ta sama ya zuba mata manya-manyan tayoyi, to ni dai a wurina wannan shi ne aiki na ƙarshe. In aljihunka ba nauyi kuɗin farko na shasi ne, sai birki da sitiyari, abin da ya rage shi za ka ɗaga mota da shi, kuma ko shi ɗin ma kar ka wuce inci 2.

Fara da sanin irin motar da ke hannunka. Yawancinsu, irin su Land Cruiser da Hilux da Patrol da Suzuki Samurai, bodi daban shasi daban, an ɗora wannan kan wancan an ɗaure da noti. Irin waɗannan ko bodi ya ruɓe in dai shasi na da rai to akwai mota. Amma akwai irin Jeep Cherokee XJ da aka ƙera daga 1984 zuwa 2001, ita bodi da shasi a haɗe suke, ramin da ka gani a ƙasan bodinta ba maganar kwalliya ba ce, ƙarfin motar ne ya tafi. Land Rover Defender kuma tana yaudarar mutane, fatar jikinta yawanci alminiyam ce ba ta tsatsa, sai ka ga mota fes a waje alhali ƙarfen da ya gitta a bayan shasin ya gama cinyewa.

Wanke ƙasanta tas da ruwa mai ƙarfi, ka bari ta bushe, sannan ka shiga da tocila da guduma da sukundireba. Amma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai, sai ka kafa mata ƙafafun ƙarfe a inda shasi ke da lafiya, ka tokare tayoyin da suke ƙasa. Bi shasin kana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Ƙarfe mai lafiya ƙararsa ƙal-ƙal take, wanda ya mutu kuwa za ka ji dum, wani lokacin ma ka ji ɓawon tsatsa na zubowa daga ciki. Inda ka ji shakka caka sukundireba da ƙarfi, kar ka ji tausayinta, gara ta huje yanzu a hannunka. Ka fi mayar da hankali inda sifirin ke kamawa, da mazaunin shoka, da wurin da akwatin sitiyari ya ɗauru, da saman tankin mai inda laka ke kwanciya ta daɗe ba ta bushe ba. Shasi mai kama da bututu daga ciki yake ruɓowa, shi ya sa ramin da ka gani kamar girman kwabo in aka fara yankawa sai ya kai tafin hannu ko fiye.

Tsatsar sama wadda ƙarfe ke nan daram a ƙarƙashinta ba ta buƙatar kuɗi, haƙuri take so. Buroshin waya a jikin giranda, tabarau a ido, takunkumi a hanci, ka kankare duk abin da ke ɓarewa, ka goge maiƙo, sai ka shafa maganin tsatsa irin mai sinadarin fosforik, za ka ga wurin ya koma baƙi. Bayan ya bushe ka bi da firama sannan fenti. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne wannan baƙin roba mai kauri da ake fesawa a kan tsatsa kai tsaye, ranar farko kyau kamar sabuwa, amma ruwa yake kullewa a ciki, ƙarfe na ci gaba da ruɓewa ba wanda ya gani. In ka je sayen mota ka tarar an fesa shi sabo fil a ƙasanta ma ka yi hattara. Cikin shasi kuma ka buɗe ramukan da ruwa ke fita waɗanda laka ta toshe, ka hura iska, ka fesa kakin kare tsatsa ko mai mai kauri ta cikin ramukan, kana maimaitawa duk shekara.

Inda ya huje kuwa sai walda, fila ba ta da aiki a jikin shasi. A yanke ruɓaɓɓen har sai an isa ƙarfe mai sheƙi, a yanko sabo mai kauri daidai da na asali a zauna da shi a ramin, in wurin na ɗaukar nauyi a ƙara masa faci a kai wanda aka yanka bakinsa a karkace ko a zagaye, don layin walda da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa nan ne shasi ke fara tsagewa. Kar a liƙa faci a kan tsatsa a rufe. Cire kan batir kafin a fara, a kauda bututun mai da na birki da wayoyi, in kusa da tanki ne a sauke tankin gaba ɗaya. Kuma kar a wanke wurin walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, in zafi ya taɓa shi guba yake fitarwa mai kisa. In ba ka iya walda sosai ba wannan shi ne wurin da za ka biya gwani, kai ka yi yanka da kankara da kanka don kuɗin aikin ya ragu. In kuma ka ga shasin ya ruɓe wuri uku huɗu har da mazaunin sifirin, gaskiya neman wani shasin na hannu ya fi arha.

Notuna masu tsatsa su ne ke cinye lokaci. Ka fara jiƙa su da man kwance tsatsa kwanaki kafin ranar aiki, ka goge zaren da buroshi, ka yi amfani da soket mai kusurwa 6 domin mai 12 yana sulɓewa ya lalata kan notin. Ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna sannan ka kwance, kana gaba kana baya. In ya ƙi a gasa notin da wuta, ban da kusa da mai, ban da sifirin da kayan sitiyari. Wanda ya karye ka maye shi da mai lamba ɗaya ko sama, sau da yawa za ka ga lambar ƙarfinsa, kamar 8.8 ko 10.9, a rubuce a kansa.

Birki ba dogon zance. Bututun ƙarfen da ya yi ɓawo a canza shi dukkansa, tiyon roba da ya tsattsage shi ma haka, a juye man birki a zuba sabo tunda yana shan ruwa. Ka ɗaga gaba ka girgiza taya ka ji ko bol-join ko tayarod ko boris na wasa. Duk wasan da ka bari yanzu in mota ta tashi sama ninkuwa zai yi, shi ne kake ganin mota ta taka ɗan rami sitiyari ya kama karkarwa sai an tsaya cak.

Yanzu ɗagawa. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne ko ka ɗaga mota inci 6, tulun aksil, wato kumburin nan da ke jikin aksil, yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara dukan dutse. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, rabin abin da ka ƙara ma take ba ka: daga taya inci 29 zuwa 31 inci 1 ka samu a ƙasa. Kenan amfanin ɗagawa shi ne taya ta samu wuri, ciki da gaba da baya su ɗan yi nisa da ƙasa. Kafin ka sayi komai ma auna motar, tsohon sifirin yakan zauna, sau da yawa sabo mai tsayin asali kawai zai dawo maka da inci guda ko fiye.

Mai sifirin naɗe, kamar Land Cruiser 80, hanya mafi arha ita ce zoben da ake sakawa a saman sifirin, in da hali kuma sifirin mai ɗan tsayi ya fi. Ka kiyayi sifirin da aka matse, in ya kuɓuce yana karya ƙashi. Mai sifirin falle-falle, kamar Land Cruiser 60 ko Samurai, ana ƙara falle ɗaya, mota za ta ɗan yi tauri amma za ta tashi. Ana kuma tsawaita mariƙin ƙarshen sifirin, sai dai inci 2 na tsawo kusan inci 1 yake ba ka, in ka zarce mota ta fara yawo a titi. Bulon ƙarfe tsakanin sifirin da aksil sai a motar da sifirin ke saman aksil yake ɗagawa, kuma a baya kaɗai ake sa shi, guda ɗaya, ba a ɗora wani kan wani, a gaba kuwa sam. Ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil sababbi za ka saya, ba a maimaita tsoho. Masu sandar murɗawa a gaba a madadin sifirin, irin tsofaffin Pajero da wasu Hilux, ana ɗaure notin sandar su tashi kyauta, amma kaɗan, in ka cika taya ba ta da sauran wurin sauka kuma shaf ɗin gaba zai riƙa cin robarsa. Ɗaga bodi kaɗai da ƴan kushin inci 1 ko 2 ma hanya ce, in mazaunan bodin ba su ruɓe ba.

Dalilin da na tsaya a inci 2, wato kusan milimita 50, shi ne daga nan lissafi ke canzawa. Ka wuce haka furofela ta karkace ta fara rawa, sitiyari ya daina komowa da kansa, aksil ya gusa gefe, kowanne kuma kuɗi ne. Ko a inci 2 ɗin ka saki aksil ya rataya ka duba tiyon birki bai miƙe tam ba, shoka ma ta kai tsawo. Tsofaffin Toyota na da wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya yana raba birki, in ka ɗaga mota ba ka ɗaga mariƙin sandarsa daidai da haka ba zai ɗauka motar ba kaya ya rage birkin baya. Notunan bushin kuma sai mota ta sauka kan tayoyinta ake ɗaure su ƙarshe, in ba haka ba robar ta murɗe ta yage da wuri.

Taya 31 ta ishi yawancin waɗannan motocin ba sai an taɓa giya ba. In na hannu za ka saya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a gefen tayar, biyun farko mako biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma tayoyin duka huɗun su zama girma ɗaya saboda fowil. Maleji zai riƙa nuna ƙasa da gudunka na gaskiya, daga 29 zuwa 31 kusan kashi 7 cikin 100. Ka tambayi abin da dokar ƙasarku da kamfanin inshora suka ce kan ɗaga mota, don ba ɗaya ba ne ko'ina.

Ka kai ta a yi mata alaimen, a sauke fitilun gaba kar ka riƙa kashe wa mutane ido. Makon farko ka bi kwana a hankali, motar ta fi da saurin kwantawa gefe kuma birki na buƙatar ƙarin tazara. In ka yi kamar kilomita 200 ka koma ƙarƙashinta da sifana ka bi notunan sifirin da na taya ɗaya bayan ɗaya, musamman masu siffar U ɗin nan, don sukan saki bayan sabon sifirin ya zauna.