Yawon keke a hanyoyin da babu mota: shawara ga ƴan Maraɗi sababbin zuwa Faransa

Wanda ya koyi keke a yashin Maraɗi, yana kauce wa kabu-kabu da amalanke, ba ya bukatar kowa ya koya masa tuƙi a Faransa. Abin da ke kama sabon zuwa a hanyoyin keke na ƙauyukan nan shi ne abin da babu. Babu mai faci a gindin bishiya, babu mai shayi, babu mai tallar ruwan sanyi, kuma kana iya yin kilomita 15 ba ka gamu da wanda za ka tambaya hanya ba. Saboda haka a gida ake gama shirin tafiyar, tun kafin a ɗora ƙafa a feda.

A fara da karatun allo, don kalmomi biyu ne ke ruɗa mutane. In ka ga an rubuta « voie verte », hanya ce da dokar tuƙi ta Faransa ta keɓe tun 2004 don masu keke da masu tafiya a ƙasa, a wasu wurare har da masu doki. Mota ba ta shiga, sai ta masu gyaran hanya ko wani mai izini jefi-jefi. In kuwa « véloroute » aka rubuta, wannan doguwar hanya ce da aka harhaɗa: wani yanki babu mota, wani yanki kuma ƙaramin titin ƙauye ne da kuke rabawa da motoci da taraktoci. Mai tafiya da yara ya duba taswira tun da dare, ya san inda keɓaɓɓiyar hanya ta ƙare. Ko a kan « voie verte » ɗin ma, haɗarin yana mararraba, inda ta ratsa titin mota. Akwai turaku ko shinge a wurin, kuma yawanci kai ne mai tsayawa. Wanda ya yi awa guda bai ji ƙarar inji ba yakan manta da mota, sai ya faɗa titi da gudunsa.

Yawancin waɗannan hanyoyi tsofaffin layukan jirgin ƙasa ne da aka cire ƙarafunan aka shimfiɗa kwalta, ko kuma gefen magudanan ruwa na jiragen kaya. Tunda jirgin ƙasa ba ya hawan tudu mai tsauri, hawan ba ya cika wuce mita 2 ko 3 a cikin mita 100. Dattijo da yaro duk suna iyawa.

Ga mai farawa, mun fi son kudancin Burgonyi. Can aka buɗe « voie verte » ta farko a 1997, daga Givry zuwa Cluny, kilomita 44, tana bi ta gindin tuddan inabi da makiyayar shanu. Gaba da Cluny, a hanyar Mâcon, akwai ramin Bois Clair mai tsawon kilomita 1,6 a ƙarƙashin dutse. Ko da rani cikinsa da sanyi, don haka a tafi da rigar sanyi, kuma hawan da ke kai ka bakinsa yana da tsauri, ba abin kunya ba ne a sauka a tura. Ana rufe shi daga wajen tsakiyar Oktoba har bazara saboda jemagu da ke kwanan sanyi a ciki, sai a zagaya ta kan tudu. Wanda ke zaune a Bordo yana da hanyar Roger Lapébie, wadda ta bi ta Créon har Sauveterre-de-Guyenne, gonar inabi da kurmi suna karɓa-karɓa. Daga Beaune zuwa Santenay kuwa kilomita 20 da ƴan kai ne, kusan kamar ka tashi Maraɗi ka je Madarunfa, ta Pommard da Volnay da Meursault. Tana da kyau ƙwarai, amma hanyar manoma ce, kuna tare da taraktocinsu. Masu son daji zalla su nufi Landes, inda doguwar hanyar keke ta Vélodyssée ke ratsa dajin itatuwan « pin » a gaɓar teku. Ƴan'uwa da ke Beljik su nemi allon RAVeL, abu ɗaya ne da wani suna.

Ran farko kada a wuce kilomita 30 zuwa 40. Da kaya da tsaye-tsaye, kilomita 12 zuwa 15 ake ci a awa. Ba ƙafa ke fara gazawa ba, mazaunai ne. Gyara sirdi haka: zauna, ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gaban gwiwa, kuma mun saba da shi a gida saboda muna son ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune.

Yanzu sai zancen faci, wanda a gida aikin wani ne, a nan kuwa naka ne. A jaka a samu tub sabo guda 1 ga kowane keke, ƙarafunan ɓanɓare taya 2 ko 3, akwatin faci da sholishonsa, ƙaramin famfo, makullai masu kusurwa shida lamba 4, 5 da 6, da sufana lamba 15 in ƙafar keken da noti aka ɗaure ta. Girman taya yana rubuce a gefenta, misali 37-622, da shi za ka sayi tub. Bakin tub iri biyu ne ya fi yawa: siriri da ake kira Presta, da mai kauri irin na mota, Schrader. Gwada famfonka a gida, don mutum na iya ɗaukar famfo ya yini da shi alhali bai shiga bakin tub ɗinsa ba. Yawan iskar ma yana jikin taya. Ga taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40, bar 3,5 zuwa 4,5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin iska) ya isa. In iska ta yi kaɗan ka daki rami, bakin ƙarfen ƙafar zai matse tub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, kamar saran maciji. In ta yi yawa, keke ya riƙa tsalle a kan tsakuwa.

Idan taya ta sace, kafin ka sa sabon tub, bi cikin tayar da yatsa a hankali. Ƙayar da ta huda na farko tana nan, kuma za ta huda na biyu kafin ka yi mita 500. A nan ba tsaida ko ƙayar aduwa ba ce, yawanci ƙayar shinge ce da aka datse ko fasasshiyar kwalba. Wajen faci kuma, kankare wurin da takarda mai kaushi, shafa sholisho kaɗan ya fi facin faɗi, ka jira minti 5 har ya daina ƙyalli, sannan ka manna ka danne. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ita ke sa faci ya ɓalle. Ka kuma gwada birki kafin gangara: a kekunan Faransa hannun hagu na gaba ne, dama na baya, kuma matse na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa yana kayar da mutum.

Dokoki kaɗan ne amma tararsu da zafi. Sa abin sauraro a kunne ko riƙe waya kana tuƙi, euro 135 ne, wato sama da jika 88 na sefa. Yaro ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano tun 2017, ko shi ke tuƙi ko goya shi aka yi. Keke ya kasance da ƙararrawa, da fitila fara ko rawaya a gaba da ja a baya in dare ya yi, kuma a wajen gari da dare sai da riga mai ƙyalli. Mata masu dogon hijabi ko zane su tattare shi, ko su sa wando a ciki su ɗaure bakin da roba. Gefen mayafi da ya shiga sarƙa ko wayoyin ƙafar baya yana fizgar mutum ƙasa nan take.

Gonar inabi ba ta da shinge, amma tana da mai ita. A gida ka ratsa gonar wani ka tsinki abin sawa a baki, a ce Allah ya ba da lada. A nan tsinkar inabi sata ce a idon doka, kuma ana fesa masa magani tun bazara. In ka hango tarakta tana feshi, tsaya nesa har iska ta kwashe. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba lokacin girbi ne, hanyoyin gona cike suke da taraktoci masu jan kaya, kuma ruwan inabin da ya zuba a kwalta yana da santsi. Yankunan nan da giyar inabi suke taƙama, ko'ina za a gayyace ka ɗanɗano. Ka ce « sans alcool », ko ka nemi « jus de raisin », ba wanda zai ji haushi. A gidan abinci a kula: « bœuf bourguignon » da « coq au vin » da giya ake dafa su, « lardons » da « jambon » kuwa alade ne. Mahaucin halal sai a manyan garuruwa, don haka guzuri daga gida: burodi, dafaffen ƙwai, sardin, dabino, kilishi in an samu. Shagunan ƙauye da yawa suna rufewa daga 12 da rabi zuwa wajen 3 na rana, da yammacin Lahadi, wasu har Litinin. Ruwa lita 2 ga kowa. Maƙabartun ƙauye kusan duk suna da famfo, ana iya alwala, amma in an rubuta « eau non potable » kada a sha.

Daji yana da nasa sharuɗɗa. Daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu lokacin farauta ne. Allon « chasse en cours » yana nufin ana harbi da bindiga a kusa, sai a juya ko a tsaya kan babbar hanya da tufafi masu haske. Da rani an hana wuta da shan taba a cikin daji da kewayensa, kuma bayan gobarar 2022 a Landiras da La Teste-de-Buch hukumomi ba sa wasa, har rufe hanyoyin daji suke yi in zafi ya tsananta. Kayan shayi da gawayi su zauna a gida. Sai kaska. Mun san ta a jikin dabbobi, amma ta nan ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi ko ƙasa da haka, kuma tana iya sa wa mutum wata cuta da ake kira Lyme. Duk wanda ya zauna ko ya yi salla a ciyawa ya duba jikinsa da yamma: bayan gwiwa, hammata, matsematsi, bayan kunne, da kan yara. A sayi ɗan ƙugiyar cire ta, « tire-tique », a farmasi. A sa shi ƙarƙashinta a murɗa a hankali. Kada a zuba mata mai ko a ƙona ta. In cikin kwana 3 zuwa 30 wani jan da'ira ya fito yana faɗaɗa a wurin, a je wa likita. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, yakan yi kama da tabo mai duhu. Lambar gaggawa 112 ce.

Komawa gida a jirgin ƙasa ya fi sauƙi da TER, wato jiragen cikin yanki, inda keke ke shiga kyauta a yawancin yankuna, ko da yake wasu na neman a kama wuri tun da wuri a lokacin rani. A TGV INOUI, jirgi mai gudun gaske, wurin keke euro 10 ne kuma ba kowane jirgi ke da shi ba. A riƙe takardar zama a aljihu kullum. A Alzas gada kawai za ka haye daga Strasbourg zuwa Kehl, kana feda sai ka ga kanka a Jamus, kuma a Satumban 2024 Jamus ta fara binciken takardu a duk iyakokinta na ƙasa. Mai neman mafaka, ko wanda takardar jiran amsa ta farko kawai ke hannunsa, ya tsaya a gaɓar Faransa.