Yadda Mai Ƙiba Zai Ƙona Kitse Ta Hanyar Motsa Jiki

Kitsen jiki ajiya ce, kuma jiki ba ya ɗiba daga cikinta sai buƙata ta taso. Idan mutum ya kama tafiya da sauri, ko tuƙa keke, ko iyo, sinadarin adirinalin yana ƙaruwa a jini, insulin kuma, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya ragu, sai kitsen ya warware ya bi jini zuwa tsoka, inda ake ƙona shi da iskar oksijin. Matsalar mai ƙiba ita ce insulin yakan yi yawa a jininsa, alhali kuwa yana daga aikin insulin ya hana kitse barin ma'ajiyarsa, don haka shi ƙona kitsensa sai a sannu.

Da farko, wanda ke da hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ya ga likita kafin ya fara. Sannan ya zaɓi motsin da ba zai cutar da gwiwa ba. Iyo da keke sun fi gudu sauƙi ga mai nauyi.

Mataki na gaba shi ne daidaita sauri, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure, domin suna zaton wahala ita ce riba. A matsakaicin sauri ne jiki ya fi dogara da kitse, amma da zarar an tsananta har numfashi ya fara sarƙewa, sai ya karkata ga sukarin da ke cikin tsoka, mutum kuma ya gaji da wuri ya tsaya. Gwajin mai sauƙi ne: idan kana iya magana kana cikin tafiya, amma ba ka iya rera waƙa, to kana daidai.

Daga nan sai tsawon lokaci. Ka fara da minti 10 ko 15 a rana, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har ka kai minti 150 zuwa 300 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a shekarar 2020. Bayan makonni ana yi, tsoka tana ƙara ƙwarewa wajen ƙona kitse, jiki kuma ya fi jin maganar insulin.

Kada ka auna ci gaba da yawan gumi, domin gumi ruwa ne. Mafi yawan kitsen da ya ƙone ta huhu yake fita, a matsayin iskar da muke fitarwa. Sikeli ma yakan ruɗi mutum, tunda kitsen da ke lulluɓe da kayan ciki, wanda shi ne mafi haɗari, yana iya raguwa nauyi bai motsa sosai ba. Gara ka riƙa auna ƙugunka da tef sau ɗaya a wata, ka kuma lura kada yunwar bayan motsa jiki ta sa ka mayar da abin da ka ƙona.