Babi na 6: Raba Tsohon Kabad na Kicin da na Banɗaki da Wari

Darasi na 1: Ina warin yake zaune?

Kabad shi ne ma'ajiyar katako mai ƙofa da ake kafawa a jikin bango, ko a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Katako yana shan ruwa kamar soso. Idan ya sha, aka rufe shi bai bushe ba, sai fumfuna ta tsiro. Fumfuna ita ce ɗigo-ɗigon nan baƙi ko kore ko fari da kuke gani a kusurwa. Cikin kwana 1 zuwa 2 takan fara kama katako mai laima, kuma yawancin warin tsohon kabad nata ne. Sauran kuwa daga maiƙon girki ne da ya daɗe ya lalace, ko kashin kyankyaso, ko zarnin fitsarin ɓera.

Fesa turare ba ya kashe ko ɗaya cikin waɗannan. Lulluɓe warin yake yi na wuni guda, gobe ya dawo gauraye da ƙamshi, ya fi jiya muni.

Kafin ku taɓa sabulu, ku duba bututun ruwa. Ku shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa, ku kunna famfo na minti 2, sannan ku bar takardar ta kwana. Idan da safe kun ga tabon ruwa a jikinta, bututun yana yoyo. A kira mai gyaran famfo tukuna. Wanke kabad da ruwa ke ɗiga a cikinsa aikin baban giwa ne.

Darasi na 2: Kwashewa da wankewa

Ku fitar da kome. Kome da kome, har kwalbar da ke can ƙurya. Ku zare durowa, ku ɗaga allunan da ake jera kaya a kansu idan suna cirewa. Tsohuwar takarda ko ledar da aka shimfiɗa a ciki, a ɓamɓare ta a zubar, don a ƙarƙashinta laima take ɓuya.

Ku buɗe taga, ku sa safar hannu ta roba da takunkumi. Idan akwai kashin ɓera, kada a share shi a bushe, ƙurarsa tana ɗauke da cuta. A haɗa bilic (ruwan sinadarin nan na faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta) kashi 1 da ruwa kashi 9, a jiƙa wurin, a jira minti 5, sannan a kwashe da takarda a jefar.

Yanzu wanki na farko: ruwan ɗumi lita 4 da cokali 1 na sabulun wanke kwanuka. A tsoma tsumma, a matse shi sosai har ya daina ɗiga, sannan a goge. Ba a sheƙa wa kabad ruwa da bokiti. A goge rufinsa na ciki, da bayan ƙofa, da kusurwoyi. Tsohon buroshin haƙori ya fi shiga lungu. A bi da tsumma mai ruwa zalla, shi ma matsattse.

Wanki na biyu: farin ruwan khal kofi 1, ruwa kofi 1. A shafa, a bari minti 10, a goge. Tsaminsa zai tafi da kansa.

Ga gargaɗi, ku karanta shi da ƙarfi sau biyu. Ba a haɗa bilic da ruwan khal. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu. Idan kun sa bilic yau, ku ɗauraye wurin da ruwa zalla, ku bar ruwan khal sai gobe.

Darasi na 3: Busarwa

Wanda ya iso nan ya yi ƙoƙari, sannunku. Amma a nan ne mafi yawan masu koyo suke zamewa, don haka mu tafi a hankali.

Kun gama wanki, kabad yana ƙyalli, kaya sun cika tsakar ɗaki, zuciya tana cewa a mayar da su a huta. Kada ku mayar. Fuskar katako tana bushewa cikin awa ɗaya, amma cikinsa yana riƙe da ruwa. Idan kuka rufe ƙofa yanzu, kun kulle laima a cikin duhu, abin da fumfuna take so ke nan. Bayan mako ɗaya warin zai dawo, ku ce maganin bai ci ba, alhali gaggawa ce ta ɓata shi.

Ga yadda ake yi. A goge ko'ina da busasshen tsumma. A wangale ƙofofi duka. Durowa da alluna a jingine su a tsaye, inda iska ke bugun su gaba da baya. Kada a kwantar da su a ƙasa, kada kuma a bar su cikin zafin rana wuni guda, don katako yakan lanƙwashe. Idan akwai fanka, a juya ta tana hura cikin kabad. A bar shi haka kwana 2 cur. Kwana 2 na nufin awa 48, ba daga safe zuwa yamma ba. A banɗaki, ko lokacin da iska ke da laima, a ƙara ya zama kwana 3.

Yaya za ku san ya bushe? Ku ɗora bayan hannunku a kusurwar ƙasa ta can ciki. Idan kun ji wurin ya fi sauran katakon sanyi, bai bushe ba. Ku danna busasshiyar takarda mai laushi a wurin, ku ƙirga 30. Idan ta yi laushin jiƙa ko kaɗan, bai bushe ba. Gwaji na ƙarshe: ku rufe ƙofa awa 1, ku buɗe, ku shinshina nan take. Idan warin laima ya tarye ku, a sake wangalewa, a ƙara kwana 1. Ba laifinku ba ne, tsohon katako ba ya saurin sakin ruwa.

Mu sake faɗa, tunda an sha faɗa ana mantawa. Taɓa ƙofa da yatsa a ce "ai ya bushe" ba gwaji ba ne. Ƙofa ce ke fara bushewa, ƙurya ce ke zuwa ƙarshe. Wanda ba zai iya haƙurin kwana 2 ba, gara tun farko kada ya jiƙa katakon. Kayan da za a mayar su ma a bushe: kwano, kofi, soso, gindin kwalba. Jiƙaƙƙen tsumma ɗaya da aka jefa ciki ya isa ya rushe aikin kwana 3. Ku rubuta wannan a littafinku: wanki awa 1, busarwa kwana 2.

Darasi na 4: Abin da ke tsotse ragowar wari

Bayan ya bushe, ba kafin nan ba, a zuba bekin soda rabin kofi a faranti mai faɗi, a ajiye ciki, a rufe kwana 3. Faɗin farantin shi ne muhimmi, ba zurfinsa ba. Busasshen gawayi a cikin kwano shi ma yana taimakawa. A sauya duk wata.

Darasi na 5: Idan warin ya ƙi tafiya

Ya shige cikin katakon ke nan. A goge cikin da sanfefa, a share ƙurar, a shafa fenti mai toshe ƙananan ramukan jikin katako sau 2, a bar kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Allon da ya kumbura yana marmashewa kuwa ba ya gyaruwa, kafinta ya cire shi ya sa sabo.