Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a tamodainamiks da kainetiks

Kuskuren da ya fi kayar da ɗaliban kimiyyar sinadarai a jami'a shi ne cakuɗa tambayoyi biyu da ba ɗaya ba ne. Tamodainamiks yana faɗin ko sauyin sinadarai zai iya aukuwa da kansa da kuma inda zai tsaya, kainetiks kuwa saurin sauyin yake aunawa. Ɗalibi yakan ga ΔG, wato canjin makamashin Gibbs da ke nuna ko sauyi zai iya aukuwa da kansa, ya fito ƙasa da sifili, sai ya rubuta cewa sauyin zai gudana nan take, alhali lissafin bai ce uffan game da lokaci ba. Juyewar daiman zuwa girafait, irin na cikin fensir, tana da ΔG kusan −2.9 kJ a kowane mol a 298 K, amma daiman yana nan daram, domin makamashin da ake buƙata kafin sauyin ya tashi yana da yawa ƙwarai. Idan an tambayi sauri, sai a koma ga lissafin Arrhenius na 1889, a bar ΔG a gefe.

Daga wannan ruɗani ne kuskuren katalis, wato sinadarin da ke gaggauta sauyi ba tare da ya ƙare ba, yake tsirowa. A hanyar Haber ta haɗa amoniya, ƙarfen da ake sawa yana gaggauta tafiyar sauyin da komowarsa daidai wa daida, saboda haka ana isa ga daidaito da wuri, amma ƙimar K, wato lambar da ke nuna inda daidaiton zai tsaya, ba ta motsawa. Abin da ke canza K shi ne zafi.

Wasu kuma sukan kwashi lambobin da ke gaban sinadarai su mayar da su matakin sauyi, wato lambar da ke nuna yadda saurin sauyi ya dogara da yawan sinadarin, wanda a ganina ragon lissafi ne kawai. A 2N₂O₅ → 4NO₂ + O₂ lambar 2 ce, amma gwaji ya nuna sauyin na mataki na ɗaya ne, don haka daga sakamakon gwaji ake fitar da matakin.

Saura batun ma'auni, inda maki ke zubewa a banza. Dole zafi, T, ya kasance a Kelvin, wato a ƙara 273.15 a kan Salsiyos. Wajen haɗa amoniya, ΔH° (zafin da sauyin ke fitarwa ko sha) kusan −92 kJ ne, ΔS° (canjin yadda makamashi ya bazu) kuma kusan −199 J/K, kuma wanda ya raba na biyun da 1000 kafin ya sa shi cikin ΔG° = ΔH° − TΔS° zai sami kusan −33 kJ a 298 K. Wanda ya manta kuwa zai sami sama da +59,000, ya yanke hukuncin cewa sauyin ba zai yiwu ba.